Jinin Cibiya a Zauren Malamai

Ina buɗe wannan rubutu da ambaton Allah, wanda rai da lafiya suke hannunSa, da salati ga ManzonSa mai girma. Bayan haka, ina so in ajiye labarin wani zama da aka yi a zaurena, domin shekaru sun ja mini, kuma abin da ba a rubuta ba mantuwa tana saurin cinye shi.

Ni mutumin Matameye ne. A nan aka binne cibiyata, a nan na karantar da fiƙihu har gemuna ya yi fari, kuma idan wata mas'ala ta rikice a gari, ta gado ko ta aure ko ta tsarki, ƙofata ake nufa. Labarin kuwa na 'yata ne ta fari. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ban sake kiransa da bakina ba tun ranar da na raɗa mata shi a kunne. Haka iyayenmu suka yi da ɗan fari, haka muka taso muka tarar. “Ke” nake ce mata, ko “'yar nan”. Kunyar ba ta tsaya ga suna kaɗai ba: ba a yabon ɗan fari a gaban mutane, ba a nuna ana ji da shi.

Tana da ƙane wanda aka haifa da amosanin jini, cutar da mutanen Kano da Katsina suke kira sikila. Idan ciwon ya tashi, gaɓoɓinsa sukan yi kamar ana sara su da gatari, ita ce take ɗumama tsumma a bakin murhu tana danna masa a gwiwa. Bai kai ga balaga ba Allah Ya karɓi abinSa. Ba ta yi kuka mai yawa ba a ranar, amma daga nan na ga karatunta ya sami alƙibla. Da safe tana lakwal, wato makarantar boko, da yamma tana zaune bayan ƙofar zaure tana sauraron darasin da nake yi wa manya, har ta riga wasu masu gemu haddace babin tsarki. Ta wuce Damagaram, ta wuce Yamai, ta ƙetare teku, sannan ta dawo ta kama aikin bincike a kan jini a wata jami'a.

Wata shekara, bayan an gama ɗaurin gero, ta zo gida. Da ta gaida mahaifiyarta sai ta same ni a zaure da hantsi, ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce tana da magana.

Ga abin da ta bayyana mini, gwargwadon fahimtata. A cikin jikin mutum akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda su ne irin jini. Daga gare su sabon jini yake tsira, kamar yadda gero yake tsira daga irin da aka ajiye a rumbu. A jikin babba suna zaune cikin ɓargo. Amma jinin da yake saura a igiyar cibiya bayan an yanke ta, shi ma cike yake da su. A ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni, akan dasa wannan iri a jikin mai amosanin jini, wani lokaci jininsa ya sauya, ciwon ya rabu da shi. Ita tana so ta bincika ko za a iya ɗibar jinin a matarnite ta ƙaramin gari irin namu, wato ɗakin haihuwa na asibiti, a kai shi ɗakin bincike ba tare da ƙwayoyin sun mutu a hanya ba, duk da zafinmu da yawan ɗaukewar wuta. Aiki ne mai buƙatar na'urori masu tsada, jami'arta kuwa ba ta da ƙarfinsu. Akwai wata gidauniya a ƙasar waje da take tallafa wa irin wannan bincike, masu nema suna da yawa, kuma wa'adin rufe karɓar dosiye, wato takardun neman tallafin, ya kusa. Daga cikin sharuɗɗansu, sai mai nema ya nuna cewa mutanen wurin da malaman addininsu sun ji, sun fahimta, sun yarda.

“Baba, maganarka ɗaya ta isa,” in ji ta. “In ka ce ya halatta, babu mai ja a Matameye.”

“Shi ya sa ba zan faɗa ba,” na ce.

Ta ɗago kai, abin da ba ta cika yi ba a gabana.

“Kin zauna bayan ƙofar nan kin ji babin shaida. Uba yana yi wa ɗansa shaida a gaban alƙali?”

“Ba ya yi, Baba. Amma wannan fatawa ce, ba shaida ba.”

Amsar ta yi mini daɗi, domin daidai ce, sai dai ban nuna ba.

“Gaskiya ne,” na ce. “Amma dalilin da ya hana waccan yana nan a wannan, shi ne tuhuma. Gobe idan tallafin Turawa ya sauka, me za a ce a kasuwa? Malam ya halatta wa 'yarsa jinin 'ya'yan mutane. Daga ranar babu matar da za ta miƙa miki cibiyar ɗanta da zuciya ɗaya. Zan tara miki malamai. Ke za ki yi bayani, su za su yanke. Ni ba zan ce uffan ba.”

“In suka ƙi fa?”

“Sun ƙi ke nan.”

Ta sani, ni ma na sani, wa'adin ba zai ba ta damar neman wani gari ba. In suka ƙi, tallafin ya wuce ta.

Yayata, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, har da ta 'yar nan, tana tsakar gida tana jin mu. Da 'yar ta fita sai ta leƙo.

“Kai dai tun kana ƙarami haka kake,” ta ce. “A ba ka tuwo a hannu, ka ce sai an kira shaidu.”

“Yaya, ke ma za ki zauna a taron. Cibiyoyin garin nan ke kika binne su.”

“Da ma ko ba ka kira ni ba ina zuwa.”

Na aika wa malaman garuruwan Dungu da Dawce da Tsauni. Malamin Tsauni abokin karatuna ne. Tabarma ɗaya muka kwana a kai shekarun da muka yi a Damagaram gaban malaminmu. An san shi da tsanani, mutum ne da ba ya sassauta wa kowa, har kansa. Da gangan na zaɓe shi ya shugabanci zaman, domin in ya yarda babu mai cewa an yi alfarma. Ya iso da safe a bayan babur, rawaninsa ya karkace.

“An ce ka kira mu mu yi maka aikinka,” ya ce yana sauka. “Tsufa ne, ko gara ce ta cinye littattafan?”

“So nake in ga ko ka iya karatu yanzu ba tare da leƙen allona ba.”

Na shimfiɗa masa buzuna, wanda nake zama a kai in karantar, ni kuwa na koma jikin bango cikin masu sauraro. 'Yar nan da gwaggonta suka zauna a tabarma bakin ƙofar ciki. Ta yi bayaninta kamar yadda ta yi mini, muryarta ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa.

“Yarinya,” in ji Malamin Tsauni, “mun ji a rediyo cewa masu irin aikinku suna taɓa ɗan tayi su ɗebi abin da suke so. Shi kika kawo mana?”

“Allah gafarta Malam, akwai masu bincike da ƙwayoyin ɗan tayi a wasu ƙasashe, ba zan ɓoye ba. Nawa ba shi ba ne. Ni sai an haihu, jariri ya yi kuka, an yanke cibiya an miƙa shi ga mahaifiyarsa, sannan in sa allura a igiyar da ta rage jikin mabiyiya.”

“Jinin da ya kwarara najasa ne. Najasa kuwa ba a cinikinta.”

“Ba saye zan yi ba, ba kuma sayarwa. Mace ce za ta bayar don Allah in ta ga dama. A tambaye ta tun tana da ciki, hankalinta kwance, ba lokacin da naƙuda ta gigita ta ba.”

“Mazajensu fa? Rabinsu suna Kano da Legas cin rani.”

“A tambaye su kafin su tafi. Wanda ya riga ya tafi a kira shi ta waya, a ji daga bakinsa.”

Daga nan malamai suka shiga nasu. Malamin Dawce ya kawo ƙiyasi da ƙarin jini, wanda an daɗe da halatta shi ga matar da jini ya ƙare mata wajen haihuwa. Na Dungu ya ce waccan rai ne ake ceto nan take, wannan kuwa jini ne za a sa a kwalba a yi ta kallo. Aka buɗe littattafai, aka rufe, aka sake buɗewa. Akwai inda na ga sun bar hanya sun shiga jeji, ga babin da zai dawo da su a kan harshena, har shafin ina gani a zuciyata. Na riƙe carbina na yi ta ja. A rayuwata ban yi wani azumi da ya fi shirun ranar wuya ba.

Sun fara karkata ga halattawa ke nan, sai yayata ta yi gyaran murya.

“Ni tambayata ɗaya ce. In kin gama zuƙe jinin, mabiyiyar fa?”

'Yar nan ta dubi gwaggonta. Sannan ta ce, a yadda aka tsara aikin, za a ɗauki mabiyiyar gaba ɗaya a kai ɗakin bincike, domin a namanta ma akwai wasu ƙwayoyi da abokan aikinta na waje suke so su nazarta. In an gama kuwa sai a ƙona ta, kamar yadda ake ƙona abubuwan asibiti.

Da ta so, da ta ce ba a gama shawara a kan wannan ba, kuma babu wanda zai gane.

“A ƙona,” in ji yayata, tana jan kalmar. “'Yar nan, da hannun nan na wanke taki, na naɗe ta a tsumma mai tsabta, na haƙa rami bayan ɗakin mahaifiyarki na ajiye ta, igiyar tana kallon sama. Babu matar da za ta yarda a kife mata ita, don kada haihuwa ta tsaya mata, balle a sa mata wuta.”

“Zancen kifewa naku ne na mata, Hajiya,” in ji Malamin Tsauni. “Ba shi da asali a littafi.”

“Ba shi da asali, amma taka ma a tsaye aka binne ta. Shi ya sa mahaifiyarka ta yi maka ƙanne.”

Aka yi dariya, har shi. Da dariyar ta lafa sai ya ce, ita binnewar tana da asali: abin da ya rabu da jikin ɗan Adam da ƙasa ake girmama shi, ba da wuta ba. Sai dai, in ji shi, lalura takan buɗe ƙofar da take rufe, in ta tabbata lalura ce. Ya juya ga 'yar nan.

“To yarinya, ki ba ni amsa ɗaya. In muka yarda da duka, da jinin da naman, yaran nan masu amosani za su warke?”

Na san abin da yake kan ma'auni. Babu mutum ɗaya a zauren da bai taɓa jin kukan irin yaran nan a danginsa ko maƙwabtansa ba; shi kansa Malamin Tsauni ya binne jika saboda ciwon. In ta ce “za su warke”, zukata sun riga sun yi laushi, za a ba ta duka da sunan lalura, dosiyenta ya tafi yadda aka tsara shi. Kuma ba ƙarya ce ƙarara ba, tunda ana warkewa a wasu wurare.

“Ban sani ba, Allah gafarta Malam,” ta ce. “Abin da zan yi matakin farko ne, hanyar kuwa doguwa ce. Mai yiwuwa in tsufa ban ga an dasa wa yaro ɗaya a ƙasar nan ba. Mai yiwuwa binciken ya nuna cewa ƙwayoyin ba sa jure zafinmu. Ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna ba.”

Malaminmu na Damagaram, Allah Ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa wanda bakinsa ba ya iya furta “ban sani ba” bai cancanci a tambaye shi ba. Na ga manyan mutane sun tsufa ba su koyi wannan ba. Na ga waɗanda suka gwammace su ƙirƙiro amsa da su bar almajiri ya ga iyakarsu. Ga 'yata, aikin shekarunta yana rataye da kalma ɗaya, ta zaɓi wadda za ta rage mata. Na ja gefen rawanina na rufe baki da hanci, kamar mai tari. Malamin Tsauni ya ɗan dube ni ta gefen ido, domin shi ma ya tuna wanda na tuna, sannan ya kau da kai.

Suka haɗa kai suka yi magana a hankali. Da suka gama, shi ya faɗi hukuncin. Tunda warakar ba tabbas ba ce, lalurar ba ta yi ƙarfin da za a hana mabiyiya ƙasa ba. Jinin cibiya ya halatta a ɗiba, kyauta, da yardar mace da mijinta. Mabiyiyar kuwa a mayar wa masu ita a ranar, ba a yanki komai daga jikinta ba, su binne ta yadda suka saba.

“Kin ji, Malama?” ya ce.

“Na ji, na kuma karɓa.”

Na lura da abin da ya kira ta. Tun safe “yarinya” yake cewa.

Hukuncin ya yanke mata ɓangaren da abokan aikinta na waje suka fi so. Ta kira su ta waya, ina jin muryarta daga ɗakin mahaifiyarta tana Faransanci. Daga baya mahaifiyar ta gaya mini cewa ɗaya daga cikinsu ya janye, sauran kuma sun gargaɗe ta cewa gidauniyar tana iya ganin aikin ya yi ƙanƙanta, ta ba wa wasu. Duk da haka ta zauna ta sake tsara dosiyen bisa sharaɗin malamai, ba ta ɓoye komai ba, ta aika kafin wa'adi, ta koma Yamai. Ko sau ɗaya ba ta zo ta ce in yi wa abokina magana ya sassauta ba.

Yayata ce ta kasa haƙuri, ita da ta tayar da zancen.

“Da ka buɗe baki da an ba ta duka,” ta ce mini.

“Da na buɗe baki, Yaya, ni ne zan fara hana ta naman.”

“To me ya sa ka wahalar da tsofaffi daga Tsauni?”

“Don ta ji daga bakin wanda ba ubanta ba.”

Rani ya shiga, azumi ya zo ya wuce, babu labari. Ban tambaye ta ba, domin ba ya cikin ɗabi'armu, amma babu sallar da ban sa ta cikin addu'ata ba. Wani lokaci zuciya takan raya mini cewa na jefa ta cikin wahala saboda tsoron bakin mutane. Sai in sake auna mas'alar daga farko, kamar ta wani ce aka kawo mini, kullum kuwa wuri ɗaya nake sauka.

Bayan ruwan shuka ya sauka, ina zaure da almajiraina bayan la'asar, mahaifiyarta ta zo bakin ƙofar ciki, inda 'yar take zama a da. Ba ta shigo ba. Ta ce, “Malam, an ba ta.” Abin da aka bayar bai kai wanda aka nema da farko ba, amma ya isa a sayi na'urorin a fara. Na ce Alhamdu lillahi, na ci gaba da darasi. Almajiraina sun ce a ranar na maimaita layi ɗaya har suka yi zaton wani sirri ne a cikinsa.

Haihuwar farko da aka ɗebi jininta ta matar wani maƙwabcinmu ce, mai sayar da takalma a Kano, wanda ya ba da izini ta waya yana tambayar ko za a rubuta masa lada biyu, nasa da na jaririn. Da hantsi ina zaune na hangi yayata tana tahowa daga wajen matarnite, tana tafiya a hankali saboda gwiwa, da kwano a rufe ƙarƙashin mayafinta. Ta shige gidan maƙwabcin. Na san za ta wanke, ta naɗe, ta haƙa bayan ɗaki, igiyar tana kallon sama, ko littafi ya sani ko bai sani ba.

Jim kaɗan mota ta tsaya a ƙofata. 'Yar nan ta fito rungume da akwatin ƙanƙara, ta ƙi barin shi a kujera. Ba za ta iya zama ba, domin jinin ba ya jira, kuma akwai tafiya a gabanta. Ta durƙusa a bakin zaure, almajirai cike da wurin, ta ce, “Baba, zan wuce.”

Na dubi akwatin. Na tuna tsumman da take ɗumamawa a bakin murhu.

“Allah Ya kiyaye hanya, Malama,” na ce.

Almajiran suka ɗago kai. Ita kuwa ta ƙara sunkuyar da nata, ta ce amin, ta tashi da sauri ta shiga mota. Yayata ta fito daga gidan maƙwabcin da ƙasa a hannunta, ta tarar da ƙarshen maganar.

“Yau kuma?” ta ce. “Kunyar ta ƙare ke nan?”

“Ba sunanta na kira ba, Yaya.”

“Na ji. Wannan ma ya ishe ta.”

Har yau da nake wannan rubutu aikin yana tafiya, kuma babu yaron da ya warke ta dalilinsa tukuna. Masu amosani suna nan a unguwanninmu, iyayensu mata suna ɗumama tsumma. Haka ta faɗa a zaure, ba ta yi mana alkawarin wanin haka ba. Mata dai suna bayarwa, daga Matameye har ƙauyuka, kuma babu mabiyiyar da ta kwana a asibiti. Malamin Tsauni, duk lokacin da muka haɗu a jana'iza ko suna, yakan tambaye ni, “Ina Malama?” Sannan ya ƙara da cewa ba daga wajena ta gado kaifin kan ba. Nakan bar shi da wannan.

Allah Ya sa albarka a abin da aka fara, Ya ba masu ciwo sauƙi ta hanyar da Ya so, Ya jiƙan ɗana da jikan abokina da duk waɗanda suka riga mu.